Sharar Ƙofar Gida

Da 'yan bindiga suka kama Mubi, layinmu a Kolere ya watse, wasu suka bi hanyar Kwaja a ƙafa. Ni da surukina muka rage. Mijina yana Yola, tsohon kuma ƙafafunsa sun daɗe da mutuwa. Ba jarumta ce ta tsayar da ni ba, rasa yadda zan goya ɗan shekara casa'in na yi.

Tsohon soja ne. Tun ina amarya yake cika mana kunne da labarin sojojin Ostireliya da ya yi wa dakon kaya a hamada lokacin yaƙin duniya na biyu. Wai an taɓa yi musu ƙawanya wata da watanni, suna kwance cikin ramuka, ruwan sha ma a gwangwani ake auna musu, amma suka ƙi miƙa wuya. Da can dariya muke yi masa. A ranar ban yi ba.

Ya ce, "'Yata, daga yau gidan nan kango ne. Ba hayaƙi, ba daka, kada guga ya bugi bakin rijiya."

Zakaranmu ne ya fara shan wuƙa, bakinsa ya ja masa. Da gawayi nake girki a ƙuryar ɗaki. Muna jin babura suna wucewa, wani lokaci a ɓalle ƙofar wani, wani lokaci shiru, shirun ya fi ba ni tsoro. Haka muka yi sati biyu.

Wata safiya na idar da salla, hannuna ya ɗauki tsintsiya kamar yadda ya saba shekara ashirin. Na share tsakar gida, na share zaure, na zare sakata. Wallahi sai da na dawo na ga idon tsohon a kan tsintsiyar, sannan hankalina ya dawo jikina.

"Har ina kika share?"

"Har waje, Baba."

Kowace ƙofa a layin ta cika da ganyen darbejiya da leda. Tamu kaɗai ce tas, ga sawun tsintsiya, har da yayyafin ruwa.

Na yunƙura zan je in watsa shara, sai muka ji babur ya shigo layin. Ya rage gudu. Ya tsaya.

"Ja ni zuwa zaure, ki haura katangar baya," in ji tsohon.

"Baba, za su tambayi wadda ta yi sharar."

Ya miƙo hannu ya karɓi tsintsiyar, ya ɗora a cinyarsa.

"Ni na yi."