Akwatin Sanyin Yaya Hamisu

Bana shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar yayana Hamisu, wanda 'yan kasuwar Gaya da ta Ajingi suka sani da Hamisu Mai Rediyo. Masu rubuta irin wannan waiwaye sukan ce tsawon lokaci ya kwantar musu da hankali. Ni bai kwantar mini ba. Na doshi tamanin, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, amma duk ranar da na tuna abin da aka yi wa bawan Allahn nan sai abinci ya fita raina. Mutuwarsa ba na ja da ita, kwanansa ne ya ƙare. Abin da ke ci mini rai ya faru ne shekara huɗu kafin ita.

Sunana Sale. A wancan zamani, bayan farin nan da ya karya manoman gyaɗa, ni ne malamin ɗakin shan magani na ƙauyenmu, gabas da Ajingi. Lokacin Ajingi tana ƙarƙashin Gaya, komai namu daga can yake zuwa. Allurar rigakafin ƙyanda ma can ake ajiye ta, cikin wani firji mai aiki da kananzir. Ranar da aka ce in zo, sai in hau keke da sassafe, a saka mini kwalaben cikin fulas da 'yar ƙanƙara, in juyo. Kafin in fita daga yashin hanya ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Ita kuwa allurar nan zafi ne ajalinta. Dole in yi ta a ranar, alhali rabin matan suna gona, waɗanda ke rugage kuma saƙo bai kai musu ba. Abin da ya kwana sai zubarwa. Mafi muni, wani lokaci ka yi wa yaro wadda ta riga ta mutu a hanya ba ka sani ba, bazara ta zo ƙyanda ta kama shi, uwarsa ta ce allurar gwamnati ƙarya ce. 

Yaya Hamisu bai taɓa zama a ajin boko ba. Allo ya yi, ya sauke, sannan ya tafi Kano ya koyi gyaran rediyo a wurin wani Inyamuri, wanda da rikici ya tashi ya bar masa akwatin kayan aikinsa ya tafi gida. Mutum ne mara yawan magana. Idan abu ya shige masa duhu ba ya tambayar kowa sai ya kwance shi tukuna. Wata rana ya dawo daga Kano da wani fasasshen akwati da ya tsinto a wurin masu sayar da tarkacen ƙarafa, wai daga motar wasu Turawa masu haƙar rijiya ya fito. Ya kira ni zaure ya ce, “Sale, zo ka taɓa nan.”

Wani ɗan faranti ne fari, bai fi faɗin kwalin ashana ba, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya jona su da batirin mota. Na ɗora yatsa a fuska ɗaya na ji sanyi kamar ƙanƙara, na taɓa ɗaya fuskar ta kusa ƙona ni. Ya sauya wayoyin, sanyi ya koma inda zafi yake. Babu iskar gas, babu inji, babu abin da ke motsi. Na ce, “Yaya, wannan kuma wane irin siddabaru ne?” Ya ce, “Ba siddabaru ba ne. Zafin yake kwasowa daga nan ya zubar a can. Idan muka samu inda za mu riƙa zubar masa da zafin, allurarka ta daina mutuwa.”

Faranti uku ne a cikin tarkacen. Na farko ya ƙone a hannunsa a makon farko, don zafin ya rasa inda zai bi. Ya yi wata biyu yana fama. A ƙarshe randar matarsa Hajara ce ta ba shi amsa. Ya je wurin masu zubin tukunyar dalma suka zuba masa wani ƙarfe mai yatsu, ya manna bayan farantan a jikinsa, ya tsoma yatsun cikin ruwan sabuwar randa. Randa tana tsatsafo tana sanyaya ruwanta, ruwan yana shanye zafin. Akwatin kuwa na katako ne ninki biyu, ya cusa audugar rimi a tsakani, cikinsa babban gwangwanin madara. Batiran babbar mota guda biyu ya samo, ɗaya na aiki ɗaya na wurin mai injin niƙa, inda ya ɗaura tsohon dainamo mai cajin batir a jikin bel ɗin injin. Kullum da hantsi yakan kawo cikakke a bayan keke ya tafi da wanda ya sauka.

Ban yarda da shi da ka ba, ko da yake yayana ne. Sai da na yi sati uku ina saka ma'aunin zafi a ciki babu magani, ina dubawa safe da azahar da la'asar, ina rubutawa a littafi. Ko ranar da rana ta fi ƙwallewa, ma'aunin bai haura iyakar da aka rubuta a jikin kwalin allurar ba. Sannan na fara ajiya. Daga ƙarshen damina har sanyi ya wuce, babu kwalba ɗaya da na zubar. Mata suka riƙa zuwa daga wajen Toranke da Gafasa, Fulanin rugage ma suka ji labari, domin yanzu duk ranar da uwa ta samu sarari za ta tarar da allura tana jiranta.

Ana cikin haka wani babban jami'i ya zo duba mu daga birni. Ba zan faɗi sunansa ba, ya daɗe da mutuwa, kuma yana da jikoki da ba su san komai ba. Ya shigo da farin yadi da agogo, ya hangi randa da batir da akwatin katako a kusurwa, ya ce mene ne wannan. Na yi masa bayani, na miƙa masa littafin. Bai karɓa ba. Yaya Hamisu yana tsaye a bakin ƙofa, isowarsa ke nan da batir. Ya cire hula ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na haɗa. Ma'aunin yana ciki, a buɗe a gani.”

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, “Kai wace makaranta ka yi?”

“Ta allo, ranka ya daɗe.”

“To ka koma ka yi wa mutane rubutun sha. Maganin gwamnati ba a randa ake ajiye shi ba.”

Ya sa ni na kwaso kwalaben da hannuna, suna da sanyin da har raɓa ta kwanta a jikinsu, ya sa aka farfasa su a ramin shara. Ya ce a ɗora akwatin da batiran a mota, za a kai birni masana su bincika. Yaya Hamisu da kansa ya ɗaure murfin da igiya don kada farantan su girgiza a hanya, yana ta roƙon direba ya bi a hankali. Har lokacin yana zaton bincikawar za a yi. Sannan jami'in ya zauna a kujerata ya rubuta takarda cewa ya tarar da maganin ya lalace saboda ajiyar jahilci, ya turo mini alƙalami. Na san ƙarya ce. Har lokacin sanyin kwalaben bai bar hannuna ba. Na tuna matata da 'ya'yana biyu da aikin da ba ni da wani bayansa, na sa hannu, yayana yana kallona.

Ina so mai karatu ya fahimce ni. Ban ce laifi ne jami'i ya yi shakkar akwatin katako ba. Aikinsa ke nan, rayukan yara ne, ni ma na yi shakka. Laifinsa shi ne bai duba ba. Tsakaninsa da gaskiya taku uku ne da ɗaga murfi. Ya ƙi, domin wanda ya yi abin ba shi da takardar shaida, kuma rigarsa da baƙin mai. Da Bature ne ya sauke wannan akwatin daga mota, da randar da audugar rimin da komai, na rantse da an kira mai hoto.

Jami'in ya yi alkawarin firji na gaske yana nan tafe, ya kuma hana a ƙara ba ni allura sai ya iso. Bai iso ba har na bar ƙauyen. A makon da aka fasa kwalaben ne 'yar Yaya Hamisu, Uwani, ta cika wata tara, lokacin da ake yi wa yaro allurar. Sau biyu yana ɗaukar ta da uwarta zuwa Gaya. Na farko aka ce ta ƙare, na biyu aka ce su dawo wata mai zuwa. Ƙyanda ba ta jira watan ba. Ta shigo da zafin bazara, ta bi gida gida. Ni na san yaran da na yi wa allura daga akwatin nan, na san waɗanda ban samu yi wa ba, kuma na ga gidajen da aka shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Uwani ta rayu, amma ciwon ya sauka a idanunta. Kafin damina ta faɗi duka biyun sun yi fari.

Sau biyar Yaya Hamisu yana zuwa birni neman akwatinsa. A zuwa na ƙarshe wani masinja ya ji tausayinsa ya kai shi ɗakin ajiya. Akwatin yana nan a ƙarƙashin karyayyun kujeru. Batiran sun yi ƙafa. Igiyar kuwa tana nan da ƙullin da ya yi da hannunsa, babu wanda ya taɓa kwance ta. Ya roƙa a ba shi, aka ce ya riga ya shiga takarda, ya zama kayan gwamnati. Ya dawo ya ci gaba da gyaran rediyo, bai ƙara haɗa wani abu sabo ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin neman gafararsa. Ya ce, “Sale, kana da iyali. Da ka ƙi, da sun kawo wanda zai sa hannun.” Ya ci gaba da abin da yake yi. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi bai cika shekara arba'in a duniya ba.

Kwanakin baya wani maƙwabcina mai gyaran waya ya nuna mini bidiyon samari suna haɗa ƙaramin firji da irin farantin nan, ya ce yanzu a kasuwar Kano tuli ake zuba su. Na daɗe ina kallo. Na san da Yaya yana raye da ya yi murna, da ya sa an maimaita masa sau goma, sannan ya ce fankar da suka saka ta yi ƙanƙanta. Da ya ga faifan sola a kan rufin kwano kuwa, ya tuna wahalar da ya sha da batir a cikin yashi, ina jin da ya yi hawaye. Amma da na kai shi wani ƙaramin asibiti da na shiga bara, inda na tarar da farin firji sabo fil an cika shi da fayil-fayil saboda babu wuta, ban san da wace fuska zan dube shi ba. Kuma da ya ga yadda ake yi da yaranmu masu ƙirƙira, a kira su a ɗauki hoto da babban mutum, a yi musu tafi, a sallame su, da ya ce an dai ci gaba, yanzu ana yin murmushi kafin a jefa ka ɗakin ajiya. Halin bai canza ba. Har gobe tambayar farko ita ce wace makaranta ka yi, ɗan wane ne kai.

Me ya rage na Hamisu Mai Rediyo? Ba shi da hoto. Babu titi ko aji mai sunansa. Littafin da na rubuta ma'aunin ma gara ta cinye. Akwai dai dattawa a tsakanin Ajingi da Toranke, masu furfura da jikoki, da suke gani da idanunsu biyu saboda wani akwatin katako da ba su taɓa jin labarinsa ba. Nakan gamu da wasunsu a kasuwa, mu gaisa, su wuce.

Akwai kuma Uwani. Ta yi aure, ta haifi shida, ta haddace Alƙur'ani da kunne, matan unguwa wurinta suke ɗaukar karatu. Ba ta taɓa yi mini maganar nan ba sai bana, bayan an shafa addu'ar mahaifinta mutane sun watse. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, “Baffa, don Allah in tambaye ka. Abin nan da Baba ya haɗa, da gaske ya yi sanyi? Don na ji masu cewa maganin lalacewa ya yi.” Na ce mata ya yi sanyi, Uwani, wallahi ya yi. Ta ce, “To ai kai kaɗai ka rage da ka taɓa shi.”

Shi ya sa na rubuta wannan. Ni Sale, wanda ya riƙe kwalaben nan a hannunsa, ina shaida a gaban Allah da gaban duk mai karantawa cewa maganin bai lalace ba. Takardar ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da na sa mata hannu. Allah Ya jiƙan Yaya Hamisu, Ya yafe mini. Shi kuwa jami'in, har yau bakina ya kasa yi masa addu'a.