Koren Ɗigon Glenys Hepworth

Kafin a buɗe shagunan gari Glenys Hepworth ta riga ta zauna kan kujerarta a masana'antar jitar lantarki ta Stansby, shayinta na hucewa a gefe. Aikinta naɗa wayar jan ƙarfe, wadda ta fi gashi siranta, a jikin maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya. Tun tana budurwa take yinsa, har yatsunta suka kanannaɗe.

Al'adar matan ɗakin ce kowace ta ɗiga jan farcenta a ƙarƙashin abin da ta naɗa, don in ya lalace a san wadda za a kama. Na Glenys kore ne. Sannu a hankali makaɗa suka riƙa kwance jita suna neman koren ɗigo.

Bara wani babban kamfani ya saye Stansby. Aka fara mayar da aikin ƙetare, inda inji ke yi. Suna kawai za a bari, da tsofaffin hotuna. Sabon manaja, Piers Lattimer, ya sauko wurin Glenys da murmushi. Desmond mai fenti yana wurin, shi ya ba ni labari.

"Madam, ke ce tarihin gidan nan. Za mu sa koren ɗigo a kowace jita, da hotonki a kwali. Ke kuma ki zauna bayan gilashi baƙi su riƙa kallonki."

"Kamar biri ke nan? Ɗan nan, wa ya naɗa wayar jitocin?"

"Ai alama ce kawai."

"To ɗiga naka."

Desmond ya ce, "Tsohuwa, karɓi mana. Taurin kai zai kunna miki hitar ɗumama ɗaki da sanyi?"

"Rufe min baki, Des. Ban taɓa ɗiga wa aikin wani ba."

Ba ta ci nasara ba. Lauyoyi suka ce ɗigon na kamfani ne, yanzu inji ke buga shi. Hotonta ne kaɗai ba su samu ba. Ranar Juma'a za a rufe ɗakin, a sallame ta.

Ke ce mai hannu, Glenys. Ke ce kika tsaya bayan aikinki, kika ƙi tsayawa bayan na inji. Mun gode.

Sauran ma'aikata, ku ma za a sauko muku da murmushi a nemi aron sunanku. Glenys ta ce a'a, ta san abin da zai biyo baya, ta kuma faɗa.