Akwatin Ƙyanƙyasar Ƙwan Zabi

Gwaggona da ke Zoza ta daɗe tana kiwon zabi. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, sai a tara ƙwanta a sa wa kaza. Shekarar da ciwo ya kwashe kajin unguwarsu, ta aiko mini Karaye, inda nake gyaran rediyo da waya, wai tunda na yi karatun lantarki in haɗa mata akwatin ƙyanƙyasa.

Da katako na haɗa shi. Fitilar mota ke ba da zafi, batirin sola ke ba da wuta, sai ɗan allon lantarki mai auna zafi, ya kunna fitila idan akwatin ya huce, ya kashe idan ya ɗumama. A shagona ya yi aiki lafiya lau. A Zoza kuwa damina ta zauna, gari ya yi ta lumshi, batiri ba ya cika. Da allon ya kunna fitila sai shi kansa ya ɗauke, ya farfaɗo, ya sake kunnawa, ya sake ɗaukewa. Zubin ƙwan farko duk ya lalace.

Na hau babur na je, taɓo har gwiwar wando. Na tarar ta fitar da ƙwan a ƙwarya ta ajiye bayan ɗaki saboda wari.

"Sannu da hanya, ɗan nan," in ji ta. "Abin naka ƙifta ido kawai yake yi."

"Zan duba, Gwaggo."

Na daɗe kafin na gane. Fitila idan ta yi sanyi, a farkon kunnawa takan zuƙi wuta da yawa lokaci guda, sai allon ya rasa tasa. Na yi tambaya a wani zauren masu sana'ar a intanet. Wani ya ce in sa makunnin lodi, wato ɗan makunnin lantarki da ke buɗe wa fitila hanya a hankali. Daga nan tambayoyi suka ƙaru. Zai ɗauki ƙarfin wutar fitilar? Idan ya yi zafi, ina zafin zai tafi? Jinkirin ya kai yaya? Masu amsawa suna ɗauka ina da na'urorin gwaji cike da tebur. Ni ɗan mita na awon wuta kawai gare ni, wayarsa ɗaya ma ɗaure take da salatif. Wani lokaci sai na fita bakin titi kafin amsar ta sauka a wayata.

Na shiga mota zuwa Kano neman makunnin. Na zaga shaguna har ƙafata ta yi tsami, kowa sai ya karɓi wayata, ya kalli hoton makunnin, ya girgiza kai. Na dawo na ciro taransista, ɗan abin da ke buɗe wa wuta hanya, daga wata matacciyar inbatar sola, na haɗa nawa makunnin da kafasita mai jinkirta kunnawa. Na farko ya yi jinkiri da yawa, taransistar ta gasu har ta ƙone mini yatsa. Na biyu ya yi sauri, allon ya ci gaba da ɗaukewa. Haka na yi ta canza kafasita ina zirga-zirga tsakanin Karaye da Zoza, rediyoyin mutane suna taruwa a shago, matata ta daina tambayata inda za ni.

Da na samu daidai, damina ta kusa ƙarewa, zabin sun rage saka. Fitila ta riƙa tashi a hankali, allon bai motsa ba. Na tsaya ina kallo, ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Muka zuba ƙwan da ya samu. Bayan kusan wata guda na koma. 'Yan tsaki na ta kuka a cikin kwando, ba su kai rabin zubin ba. Gefe kuma ga kaji biyu da ta sayo a kasuwar Rogo.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Baɗi sai mu raba, rabin ƙwan ga kajin nan, rabi ga akwatinka."

Na ce to. Ta kawo mini fura, na sha, na miƙe a tabarmar zaure. Ban farka ba sai da aka kira la'asar.