Baba Karel da gogen Hauwa

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba Karel, tsohon ɗan ƙasar Cek da na yi wa aikin jinya a garin Wheaton, nan Amurka. Ni a aji huɗu na tsaya a Maraɗi, amma bana dole ta sa na ɗauki biro.

Baba mai goge ne, irin na Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa. Ranar da na fara jin kiɗansa, daɗi ya kwashe ni, na zaro dala na liƙa masa a goshi yadda muke yi a gida. Ya yi dariya har ya ƙware. Da na yi masa bayani ya ce, "Rabi, da mutumina ya ji daɗinki."

Mutumin nasa wani makaɗin fada ne na garinsu, tun ƙarni na sha takwas. Baba ya ƙare tsufansa yana kwafe kiɗe-kiɗensa da hannu. Ya ce makaɗin ɗan talaka ne, a coci ya koya, wani basarake ya ɗauke shi. Kayan barori yake sawa, da su kuku yake cin abinci, ko aure zai yi sai da izini. In ubangida ya ce jibi akwai baƙi, to sabon kiɗa ya zama a shirye. Na ce, "Baba, ashe ku ma kuna da maroƙa?" Ya ce, "Muna da su, 'yata. Basaraken dai, ko ni sai na duba takarda nake tuna sunansa."

Bana 'yata Hauwa, mai shekara tara, ta kawo takarda daga makaranta, tana son shiga ajin goge. Sati biyu takardar na jikin firji. Inna ta bugo daga gida: "A danginmu babu maroƙi. Wa zai auri mai goge?" Tsoro ya kama ni, don bakin mutane ba ya da linzami. Sai na riƙa tambayar kaina, da Baba na nan me zai ce? Na san shi, ba zai ja da Inna ba. Yatsun yarinyar kawai zai ce a nuna masa.

Na sa hannu. Jiya Inna ta jiyo ƙarar gogen ta waya, na ce jikarki ce. Sai ta ce, "Kai, ko kyanwa ta fi ta murya." Amma ba ta ce a daina ba.

Baba bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Alheri dai danƙo ne. Duk la'asar, a ɗakinmu na Lanham, wata Bahaushiya na ta fama da tsirkiya, ni kuwa hankalina kwance.