Cikon Wuyan Kwalba

Uwata a tandu take ajiye man shanu, can ƙauyenmu na bakin Komadugu, wajen Geskeru. Tandun fata ne, ya yi baƙi don tsufa, kuma ban taɓa ganin ta cika shi har baki ba. In ta zuba sai ta rage, in ta rage sai ta toshe, sannan ta jiƙa ƙaro ya yi kauri, ta shafe bakin da yatsa, ta rataye shi a inuwa. Ina ƙarama na tambaye ta dalili. Ta ce mai yana tashi in ya ji zafi, in bai sami wuri a ciki ba sai ya nemi hanyar waje. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta koma wajen shanyar tattasai.

Tandu ya wuce, kwalba ta zo. Mu ma muka baro bakin kogi, muka zauna cikin garin Diffa. Yanzu a madafata akwai kwalbar man gyaɗa, akwai ta man shanu, akwai wata siririya ta binegir, ruwan tsamin nan da jikokina suka koya mini zubawa a salati, wato ganyen latas, da azumi. Kowace na san halinta. Ƙaro yana riƙe mai, amma binegir ruwa ne, narkar da ƙaro yake yi, shi sai leda da roba. Duk a cikin tsohon kwano mai yashi nake zaunar da su, abin da ya ɗiga yashi ya shanye, tururuwa ba ta samun komai.

To, ana nan sai jikata ta fari, 'yar ɗiyata, ta yi aure a Damagaram, gidan 'yan kasuwa masu kantuna. Da bazara ta zo ganin gida karo na farko. Amarya kuwa ba ta komawa gidan miji hannu sake. Uwarta ta sayi turmin atamfa don uwar mijin, wadda kowa ke ce wa Hajiya, muka auna jan tattasai cikin buhu, ni kuma na ɗauki nauyin man shanu. Akwai wata Bafillatana daga wajen Fulatari da ke kawo mini, ba ta taɓa haɗa shi da komai ba. Na soya shi da albasa har unguwa ta ɗauka, na tace, na bar shi ya huce. Ana jibi tafiya na zauna da safe ina ɗurawa a kwalba, yarinyar na tsugune a gabana. Da mai ya iso kafaɗar kwalba sai na tsaya.

"Kaka, ƙara," in ji ta.

Na ce ya isa.

"Ina ya isa? Dubi wuyan nan, fayau! Ke dai tsohuwar nan, rowa ta kama ki da tsufa."

"Rowa? Ni da kika cinye mini haƙora da ƙosai? Tashi ki ba ni wuri, amaryar da ba ta iya ɗaurin kallabi ba."

Na zaci za ta rama kamar yadda muka saba, sai na ga ta sunkuyar da kai. Ta ce Hajiya a kanti ta girma, duk kwalbar da aka miƙa mata sai ta ɗaga ta ga haske ta duba wuya. Ta ce matan yayyen mijinta za su zauna a kan tabarma ana buɗe tsaraba. In suka ga kwalba ba ta cika ba, ko su ce mutanen Diffa ba su san kyauta ba, ko su ce amarya ta ɗiba a hanya. Ba ta daɗe a gidan ba, ba a gama auna ta ba tukuna.

Gaskiyarta. A wajenmu ma ba a kai wa surukai abu da ragi. Tiya ake tsiri, ƙwarya ake cikawa har ta zuba. Amma ni na san hanyar Damagaram, na san yadda ake jibga kaya a kan mota rana ta yini tana dukansu, ga ramuka tun daga Maine har Gure.

Ban yi mata musu ba. Na ɗauko wata kwalba, na cika ta da man gyaɗa har baki yadda take so, na murɗe marfi iya ƙarfina, na ɗora a kan katanga inda rana ke sauka. Muka shiga aikinmu. Da aka yi sallar azahar na ce ta je ta ɗauko. Ta dawo tana riƙe da ita da yatsu biyu, mai ya bi jikin kwalba ya sauka, ya zana baƙin zobe a kan katanga.

Na ce, "Wannan ba ta yi tafiya ba, a zaune take. Ki ƙaddara atamfar Hajiya ce a ƙarƙashinta."

Ta zauna a bakin murhu, ta yi tagumi. "To Kaka, in ya zuba kunya, in bai cika ba kunya. Ni ina zan sa kaina?"

Uwata ta koya mini hana mai fita, ba ta koya mini gamsar da Hajiyar Damagaram ba. Ina cikin wanke kwanoni da la'asar idona ya faɗa kan wata 'yar kwalbar maganin tari da aka shanye, tana bayan randa. Na ɗauke ta, na wanke da toka da tafasasshen ruwa har wari ya fita, na kife ta a rana ta bushe sarai.

Washegari na kira yarinyar na ce ta sa ido. Babbar kwalba na bar ta a kafaɗa yadda take. Na goge bakinta da garin gero, don in mai ya taɓa bakin tun farko shi ke nuna wa sauran hanya. Na ninka leda na shimfiɗa a kai, na murɗa marfi, na shafe da ƙaro, da ya bushe na naɗe da tsinken robar tayar keke. Sannan na zuba man shanu a ƙaramar, ita ma na rage mata wuya, na rufe ta haka nan. Babbar na dasa ta tsaye a tsakiyar buhun tattasai, ƙaramar na sa mata a jakar hannu.

Na ce, "In kin isa, kafin ki shiga gida, ki kwance babbar ki juye wannan a kai. Mai ya yi tafiyarsa da wuri, Hajiya kuma ta ga wuya a cike."

Ta dube ni, ta dubi 'yar kwalbar, sai dariya ta ƙwace mata. "Ashe tsohuwar nan da sauranki!"

Ta tafi da asuba. Yini na yi ina jin zafin ranar a jikina kamar ni aka ɗora a kan motar. Kashegari da hantsi tarhon ɗiyata ya yi ƙara, ta miƙo mini, ta ce daga Damagaram ne. Na ji muryar da ban sani ba, mai nauyi, ta gaishe ni da Inna. Hajiya ce da kanta. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi ƙafafuna, sannan ta ce, "Inna, jiya na kama jikarki a zaure."

Ashe yarinyar ta tsuguna a zauren gidan tana kwance roba, ta ɗauka kowa na ciki, sai ga Hajiya ta dawo daga kanti ta tsaya a kanta, 'yar kwalba na hannunta tana tsiyayawa. Yarinyar ta faɗi gaskiya duka, har da labarin kwalbar katanga.

Hajiya ta ce, "Ni shekara da shekaru ana aiko mini mai daga garuruwa, a cike yake tasowa, rabi yake isowa, sauran yana jikin zannuwana. Wannan ne karon farko da na buɗe buhu hannuna ya fito a bushe. Na ce ta ƙarasa cikawa a gabana, ni na riƙe mata babbar."

Da azumi ya matso, wani direban unguwarmu ya kawo mini saƙo daga gidan. A cikin kayan har da 'yar kwalbar nan tawa ta maganin tari, an zuba mata binegir na kantinsu, an rage wuya, an sa leda, an naɗe da roba, ba a shafa ƙaro ba. Jikata ce ta rufe ta. Ta gaya mini a tarho cewa yanzu duk abin da za a aika daga gidan, mai ne ko turare, ita Hajiya ke kira, kuma matan yayyen mijin har sun fara kawo mata nasu kwalaben. Muryarta a sake take, tana ta tsokanata wai ta fi ni iya naɗin roba.

Na zaunar da 'yar kwalbar a kwanon yashi kusa da sauran. Da ita muka sha salati har salla.