Shinkafar Hayin Gulbi da Ƙullin Gyalena

Gwadangaji, shida saura kwata

Ina sallame sallar asuba na ɗauki hijabi da gorar kunu, garin bai gama wayewa ba. Maigidana ya rako ni bakin titi yana ta maimaita magana guda: “Ke dai ba ki iya ruwa ba, ki tuna.” Na ce na tuna.

’Yan uwana mata da kuka dame ni da tambayar yadda tafiyar ta kasance, ga shi na rubuta muku, amma bari in fara da dalilinta. A unguwarmu akwai ƙungiyar manya masu buƙata ta musamman, makafi da guragu da kurame, suna koyon ɗinki da saƙa da yin sabulu don kada su tsaya bakin titi. Ni nake dafa musu abincin rana Litinin da Alhamis. To tukunyar nan ba ta da mai cika ta sai jama’a. Bana shugabanmu, Malam Ɗanjumma, makaho ne mai saƙar kujerun igiya, ya ce maimakon kujeru da lasifika a ƙaddamar da gidauniya, mu bi manoma har gida lokacin kaka. Mutanen tungarsu, can hayin gulbi bayan Argungu, sun ce mu zo.

Mu uku aka zaɓa: shi, da ni, da Hajo. Hajo ita ce bakin ƙungiya. Shan inna ya kama ta tun tana goye, ƙafafunta kamar na ɗiyar shekara shida, amma in ta buɗe baki sai mai rowa ya kwance lalita. Da muka biya ɗaukarta, tsohuwarta ta riƙe mini hannu a zaure.

“Rabi, amana ce. Ita kaɗai gare ni.”

Na ce, “Inna, da yardar Allah kafin magariba tana gabanki.”

Hanyar Argungu

Direba ya ɗaure keken guragu na Hajo a bayan mota, ni kuma na ɗaure Hajo a kujera. Haka muke yi kullum. Ba ta da ƙafar tokarewa, in aka taka birki sai ta zame, shi ya sa ita da kanta ta koya mini in zagaya gyale ta ƙugunta in ƙulle shi a jikin kujera. Ko a keke mai ƙafa uku haka nake mata, hannuna ya saba.

Bayan Ambursa muka tarar da shingen jami’an tsaro. Ɗayansu ya leƙo ya tambayi inda za mu.

Hajo ta ce, “Yallaɓai, roƙo za mu, amma na masu takarda.”

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Daga nan sai fadama hagu da dama, wani wuri an fara yanka, wani wuri ruwa ne kwance har ido ya gaji. Duk inda na hango ruwa sai in kau da kai. Ƙarfe bakwai da ’yan mintuna muka shiga Argungu, muka karya da ƙosai da kunun da na taho da shi.

Bakin gulbi, takwas da rabi

Ban taɓa ganin gulbin Rima haka ba. Ruwan damina bai gama janyewa ba, ja wur, yana tafe da karmami da rassan itace, hayin can kuwa sai ka ƙanƙance ido. Mai fiton da aka aiko mana, Baba Manu, dattijo ne siriri mai ƙarancin magana. Muka bar keken wurin wata mai suyar kifi, na goya Hajo na sa ta a jirgi.

“Mi kike karantawa, Rabi?” in ji Malam Ɗanjumma. “Tun ba a tashi ba kin kai rabin izu.”

Shi a ruwan nan ya girma kafin ciwon ido ya same shi, yana zaune abinsa kamar a kan tabarmar gidansa. Ni da Hajo kuwa ranar muka fara shiga jirgi. Sau biyu igiyar ruwa ta girgiza mu, sau biyu Hajo ta zame ta bugu da gefen jirgi. Ta ƙanƙame ni har muka ƙetare. Minti ashirin da biyar muka yi, na duba agogo ya fi sau goma.

Tunga

Mutanen kirki. Aka shimfiɗa mana tabarmi a gindin tsamiya, aka kawo fura da kifi gasasshe. Bayan azahar liman ya tara jama’a. Hajo ta rarrafa tsakiyar fili da silifa a hannuwanta, ta ɗaga wata rigar yaro da ta ɗinka.

“Wagga ni na ɗinka ta, da keken da ake juyawa da hannu. Ba sadakar kwana guda munka zo nema ba. Ku ciyar da mu wata shida, mu koyi abin da za mu ciyar da kanmu.”

Wani tsoho ya ce, “To in na ba da kwano biyu, ki ɗinka min riga?”

“Awo, Baba. Ta kwano biyu, iyakarta cibiya.”

Aka fashe da dariya, daga nan aka fara kawowa. Mai kwano, mai tiya, mata da ƙwarya a ka. Wata kurma ta kawo albasa a gefen zani, ta dafa ƙirjinta ta dafa na Hajo. Nan na yi kuka. Aka haɗa buhu shida na shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba.

Dawowa, ƙarfe uku da rabi

Buhunan suka cinye cikin jirgin. Babu wurin da za a zaunar da Hajo a ƙasa, sai a kan katakon da ya gitta tsakiya, ƙafafunta suna lilo. Ta dubi ruwan ta dube ni.

“Rabi, ɗaure ni. Kamar na mota.”

Ban yi tunanin komai ba, wallahi. Na ciro gyale na zagaya ƙugunta na haɗa da katakon, na yi ƙulli biyu na ja da ƙarfi, hijabinta ya rufe. Baba Manu yana can yana gyara gorar tuƙi bai gani ba. Ni har daɗi na ji, na ce na tsare amana.

Mun wuce rabi kenan iska ta taso. Malam Ɗanjumma ne ya fara magana.

“Manu, ruwa na shiga. Ina jin shi ƙarƙashin buhu.”

Na dubi ƙasa, sai ga silifata tana yawo. Wani abu, ko kututture ne a cikin ruwa, ya daki jirgin ya buɗe haɗin katako daidai ƙasan Hajo. Baba Manu ya jefo mini ƙwarya.

“Kwashe! Ke ta tsakiya, matsa gaba, a jefar da buhun da ke ƙasanki.”

Hajo ba ta motsa ba.

“Baiwar Allah, na ce ki matsa!”

Na ce, “Baba, a ɗaure take.”

Ban taɓa ganin fuska ta sauya kamar tasa ba. “A ɗaure? A jirgi? Innalillahi! Wa ya aike ku? In jirgin ga ya kihe, kowa na iya tsamowa, amma ita da shi za ta tahi ƙasa. Kwance ta!”

Na yar da ƙwaryar na kama ƙullin. Ruwa ya jiƙa shi, nauyin Hajo ya ƙara ja, ya zama kamar dutse. Na sa farce, farcen ya karye. Na sa haƙori. Wuƙar Baba Manu tana aljihunsa, amma in ya saki gora ruwa ya juya mu. Ruwan ya kawo idon sawuna, ya wuce. Hajo ba ta yi ihu ba, kalmar shahada kawai take yi a hankali, shi ne ya fi tsorata ni. Ba abin da nake gani sai hannun Inna a kan nawa a zaure.

“Rabi, koma ga ƙwarya,” in ji Malam Ɗanjumma.

Ya biyo kan buhuna da rarrafe, jirgin yana tangaɗi, har ya iso bayan Hajo. “Ki gafarce ni, Hajo, lalura ce.” Ya lalubo gyalen ya bi shi da yatsu har ƙullin.

“Wanga ƙullin mata ne, ja shi ake yana ƙara cijewa. Hajo, ja numfashi ki tsuke ciki. Ƙara.”

Bai ja ba. Murza shi ya yi ta yi yana tura bakin gyalen baya, kamar yadda yake kwance igiyar tsohuwar kujera. Ina kwasar ruwa ina kallon yatsun nan, ina kiran sunayen Allah duk da na sani. Ban san ko minti nawa ba ne. Sai na ga gyalen ya saki.

Muka jawo Hajo gaba, muka tura buhun da ke ƙasanta cikin ruwa, Baba Manu ya ce a ƙara ɗaya. Malam Ɗanjumma ya cusa gyalen a tsagar ya taka da ƙafa. Sai a lokacin Hajo ta sami baki.

“Abincin sati biyu kunka ba kifi!”

“Ki yi shiru,” in ji shi, “ke munka hana su.”

Baba Manu bai nufi mashiga ba, ya karkata mu cikin wata gonar da ruwa ya ci, jirgin ya zauna a kan laka, ruwa iya gwiwa. Masunta suka taho suka taimaka. Na goya Hajo har tudu, can muka zube tare. Baba Manu ya tsaya a kaina.

“Ɗiyata, niyyarki mai kyau ce. Amma a ruwa ko akuya ba mu ɗaurewa.”

Gida

Muka karɓo keken Hajo, biyar da kwata muka bar Argungu da buhu huɗu da albasa. Direba ya miƙo mini igiya don Hajo, na kasa karɓa. Na rungume ta ta baya har Birnin Kebbi, duk birki sai in ji shi a kafaɗuna.

Ana kiran magariba muka tsaya ƙofar gidansu. Inna tana zaure, ta ga kayanmu jiƙe da laka. Tun a hanya Hajo ta ce kada in faɗa, amma na durƙusa na faɗa mata duka, har ƙulli biyun.

Hajo ta ce, “Inna, ni na ce ta ɗaure ni.”

Tsohuwar ta jawo Hajo ta shafa fuskarta, ta shafa ƙugunta inda gyalen ya kwanta ya bar shaida. Ta daɗe. Sannan ta kamo hannuna ta dubi farcen da ya karye, jini ya bushe a kai.

“Tashi ki shiga ciki a wanke miki wannan, kada ya yi ruwa.”

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fitar da mu. Ina gode wa mutanen tunga da suka buɗe mana rumbunansu, da Baba Manu da bai saki gorarsa ba, da Malam Ɗanjumma, Allah ya haskaka masa ranar da ido ba ya amfani. Ranar Litinin na ɗora tukunya da sabuwar shinkafa, mutum goma sha tara suka ci. Hajo ta ci, ta miƙo kwano a ƙara mata.