Jan Zare a Damtsen Illo

Illo Bagunge ne, a tsibiri aka haife shi, amma bai girma a can ba. Yana ƙarami ruwan madatsar Kainji ya taso ya haɗiye garinsu, aka kwaso su aka zuba a sabon gari kusa da Wara, cikin gidajen siminti da ba wanda ya tambaye su ko suna so. Abu biyu ya gada daga ubansa, jifan birgi da kokawa, kuma duk biyun da kafaɗar dama ake yin su. Idan ya tsaya a goshin jirgi ya wurga birgi, ragar takan buɗe ta sauka kan ruwa kamar faifai. Idan kaka ta yi aka share fage, daga Ngaski zuwa Shanga har Yelwa an san wannan gajeren mai faɗin ƙirji da ke shiga ƙarƙashin mutum ya ɗauke shi cak.

Yana cikin ƙarfinsa wani ɗan kasuwa da ake kira Wakili ya zo da mota yana ɗibar 'yan kokawa. Ya ce zai kai su birane su yi wasa a cikin shingen kwano, mutane su yanki tikiti su shiga kallo. Shugabannin kokawa na jiha, lokacin ana ƙarƙashin Sakkwato, suka aiko da gargaɗi cewa duk wanda ya bi Wakili ya yi sallama da fagen gwamnati. Illo ya ji gargaɗin da kunnensa, ya ɗaure kayansa ya hau mota. A motar ya haɗu da Jacob, wani Bakambare manomi daga ƙauyukan Ngaski, dogo mai sanyin magana, suka zama abokan cin tuwo.

Kontagora, Minna, Kaduna, Ibadan, har Agege ta Ikko, duk sun taka. Kokawar gida sau ɗaya ake yin ta a shekara, bayan an cika rumbu jiki ya huta. Ta Wakili kuwa kullum ce, a kan ƙasa mai tauri, kuma Wakilin da bai taɓa shiga fage ba shi ke yanke wanda ya warke da wanda bai warke ba. Mutum ya kwana da targaɗe, gobe da yamma a buga ganga a kira sunansa. Abin haushi ne, kuma har yau idan an tuna yana ba da haushi.

Da suka ga ba mai tausayinsu, sai suka tausaya wa juna. Duk wanda ke da ciwo yakan ɗaura jan zare a gaɓar da ke ciwon, cikin kambuna da layu. 'Yan kallo su ɗauka asiri ne, abokin karawa kuwa ya gane ana ce masa kada ya taɓa nan. Kokawar ta gaske ce, ana kayarwa ana faɗuwa, amma wurin da jan zare yake ba a kama shi, kuma duk zamansu ba a taɓa jin wanda ya saɓa ba.

Jacob ya riga Illo barin tawagar, don mahaifinsa ya rasu gona ta koma hannunsa. Bayan tafiyarsa ne aka maka Illo da ƙasa a Ibadan, kafaɗar dama ta goce. Aka taka masa hammata aka ja hannun ya koma, kafin kumburin ya saɓe har an sake kiran sunansa. Daga nan kafaɗar ta koyi hanya. Ta goce a Agege, ta sake gocewa a cikin mota da ya miƙa hannu zai sauko da jaka. A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi tawagar ta watse, Wakili ya yi layar zana, kowa ya nemi hanyar gida da abin da ya rage masa na jiki.

Mutanen gari ba su raga musu ba. Idan sun wuce bakin ruwa sai a ce ga 'yan Ikko nan sun dawo, a yi dariya ƙasa-ƙasa. Illo kuwa ya ɓoye ciwonsa. Ya daina jifan birgi inda idon mutane yake, ya koma kafa ƙugiyoyi a can gefe, yana cewa kifin ya fi yawa a nan. A garin, mutum biyu kaɗai suka san gaskiya: matarsa Hansatu, wadda ke gasa masa kafaɗar da ruwan zafi, da Baba Dudu maɗori, wanda ke mayar da ita idan ta fita.

Ranar da ta goce masa a tsakiyar ruwa, da hannu ɗaya ya tuƙo jirgin zuwa gaɓa, gumi na zuba. Baba Dudu ya mayar da ita, ya daɗe yana latsa wurin da babban yatsa.

"Illo, jijiyar ga ta saki," in ji tsohon. "In ka lallaɓa ta, za ta ciyar da ɗiyanka. In anka sake fizge ta da ƙarfi, ni dai ba ni da abin da zan yi maka."

"Baba, ko da na ɗaure ta tamau?"

"Ɗauri ba ya mai da abin da yat tsinke. Na hwaɗa maka."

Ana cikin haka labari ya zo cewa sabuwar jiha na neman 'yan kokawarta, kuma an yafe wa duk waɗanda suka bi Wakili. Za a yi gwaji a Yelwa, wanda ya yi zarra a kowane aji a tafi da shi Birnin Kebbi a ba shi aiki. Illo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya san ruwa zai ƙarasa kafaɗar a hankali, ko bana ko baɗi. Idan kuwa ya samu aikin, zai yi kokawa jifa-jifa, daga baya ya koma koyar da yara. Amma kafin nan sai ya shiga fage da hannun da aka ce kada a fizga.

Abin da ya ƙara tsinka masa zuciya shi ne labarin Tanimu, wani da suka dawo tare yana fama da gwiwa. Tanimu ya shiga kokawar kaka a wajen Shanga da jan zarensa a gwiwa, yadda ya saba. Ashe maganar zaren ta fita, abokin karawarsa ya nufi gwiwar kai tsaye ya taɗe ta. Illo ya je duba shi, ya same shi kwance a kan tabarma ƙafa ta yi suntum.

"Nan ba tawaga ba ce," Tanimu ya ce masa. "Nan in ka nuna inda ka ciwo, can za a dosa."

Ana gobe gwaji Illo ya sauka Yelwa tare da matarsa, ya tarar an riga an haɗa 'yan wasa, kuma a ajinsa shi da Jacob ne za su raba gardama. Da la'asar suka yi kiciɓis a kasuwar kifi. Jacob ya rungume shi da murna, Illo ya ɗan karkace don kada nauyin ya sauka a dama. Suka gaisa, suka tambayi iyali, sannan Jacob ya ja shi gefe ya rage murya.

"Na ji an ce ka samu rauni bayan tahiyata. Wane wuri ne, abokina?"

"Wa ya hwaɗa maka? Lahiyata lau."

"Illo, ni ne fa."

"Na ce maka lahiya lau nike."

Jacob ya dube shi, sannan ya ce Allah ya kai su goben. Illo ya bi bayansa da kallo, zuciyarsa na saƙa masa abubuwa. Gurbi ɗaya ne, kuma Jacob ma yana da iyali da gonar da ba ta cika rumbu ba bana. Me ya sa yake son sanin wurin? Tsoro ya kama Illo sosai, kuma tsoron ne ya kawo masa dabarar da ya ga kamar hikima ce.

Da safe, a gidan ƙanwar Hansatu inda suka sauka, ya ce Hansatu ta ba shi jan zare. Ta tsinko daga bakin zanenta ta miƙa masa. Ya jera kambunansa, sannan ya ɗaura zaren a damtsen hagu, ya ja ƙullin da haƙori.

"Maigida, ba wannan hannun ba ne," in ji Hansatu.

"Na sani. Shi kama wanga, shi ja iyakar ƙarfinai. Kahin shi gane, na ɗauke shi."

"In kuma bai kama shi ba fa?"

Illo ya ɗauki walkinsa ya fita.

Fagen ya cika, har a kan itatuwa mutane suke. Baƙin Birnin Kebbi na zaune a inuwar rumfa, makaɗa na zuga kowa da sunan garinsu. Da aka kira su, Illo ya shigo ya durƙusa ya shafi ƙasa. Ya ga idon Jacob ya sauka a kan damtsensa na hagu, ya tsaya a nan kaɗan, sannan ya ɗauke. Illo ya ce a ransa tarko ya kama.

Suka sunkuya suna zagaya juna. Illo ya tura hagun gaba yana kaɗa shi, yana jira a cafka. Jacob ya kauce. Ya sake miƙawa har yatsunsa suka taɓa ƙirjin Jacob, Jacob ya ja da baya ya zagayo ta ɗaya gefen. 'Yan kallo suka fara gunaguni, wani ya ce ko rawa suka zo yi. Illo ya lura duk inda ya juya, Jacob na bin damansa, sai ya gane hannun da ke da zaren Jacob yake gudun taɓawa. Ya so ya yi magana, amma ganga ta cika wurin, kuma me zai ce a gaban wannan taro? Ya yanke shawarar ya gama da wuri, ya nutsa zai shiga ƙarƙashi yadda ya saba.

Jacob ya san wannan shigar tun suna tawaga. Ya janye ƙafa, ya kama hannun dama da hannuwansa biyu, ya juya da dukan nauyinsa ya fizga. Na kusa sun ji ƙarar. Illo ya faɗi a kan gwiwoyinsa, hannun na reto a gefensa, bai yi ihu ba, bakinsa kawai ya buɗe.

Alƙalin wasa ya zo zai ɗaga hannun Jacob, Jacob ya fizge ya durƙusa gaban abokinsa. Ya dubi kafaɗar da ta zame, ya dubi zaren da ke ɗaya damtsen.

"Illo, hagu ka ɗaura. Na ga zaren, tun da munka kama ban taɓa hagunka ba."

"Na gani," in ji Illo da ƙyar. "Na ga ba ka taɓa ba."

Jacob ne ya goya shi zuwa bakin ruwa, shi ya riƙe shi a jirgi har Wara. Baba Dudu ya mayar da ƙashin, amma hannun bai sake ɗaguwa ya wuce ƙirji ba. Jacob ya tafi Birnin Kebbi ya yi shekarunsa. Illo ya koma ɗinkin raga a bakin kasuwa, yana gyara wa wasu birgin da za su jefa. Mutanen Wara sun daɗe suna cewa Bakambaren nan mugu ne, da gangan ya karya musu ɗan kokawa. Duk lokacin da aka faɗi haka a gabansa, Illo yakan ajiye ragar ya ce a daina, mutumin nan amana ya riƙe masa, shi ne bai yarda akwai sauran mai riƙe ta ba.